eth0, enp2s0 ko wan0: wane suna za ka ɗaure wa katin sadarwar sabarka?

Wata Laraba cikin damina na ƙara wa wata saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, faifan ajiya na NVMe a wata makaranta da ke wajen Kaltungo. Aikin bai kai minti ashirin ba. Na mayar da murfi, na kunna, na ga fitila ta kama, hadari kuma ya haɗo ta gabas, sai na tattara jakata na nufi bakin titi. Ko Kumo ban kai ba waya ta shigo.

"Injiniya, intanet fa ya ɗauke gaba ɗaya. Kwamfutocin ɗalibai ma ba sa ganin sabar."

"Ranka ya daɗe, a leƙa min bayan injin. Fitilar da ke wajen waya tana ƙiftawa?"

"Tana ƙiftawa kuwa."

Washegari da sassafe na sake biyan kuɗin mota. Na jona sikirin da kibod, na rubuta `ip link`, sai ga abin a fili. Katin sadarwa, wato abin da ke haɗa injin da wayar intanet, da jiya ake kira enp2s0 ya wayi gari enp3s0. Kati lafiyarsa ƙalau, waya lafiyarta ƙalau, amma duk saitin da na rubuta yana kiran sunan da babu mai amsa shi. Laifina ne, don na san hakan na faruwa, gaggawa ce ta sa ban duba ba.

Duk mai riƙe da Linux a ofis, ko makaranta, ko shagon intanet, wata rana zai tsaya a wannan mararraba: ya bar sunayen da tsarin ya zo da su, ya koma tsohon eth0 da ya saba, ko ya raɗa nasa. Kowace hanya tana da masu rantsuwa da ita. Abin da na gane bayan wahala shi ne kowace tana ɗaure sunan ne a jikin wani abu, kuma ranar da abin nan ya motsa, sunan ya tafi.

Daga ina rikicin ya samo asali

Kanel, wato zuciyar Linux, ba ta da wata dabara wajen raɗin suna. Katin sadarwa mai kebul na farko da direbansa, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya gabatar shi ne eth0, na biyu eth1, na iska kuma wlan0. Kamar layin lodi ne a Tashar Dukku: motar da ta riga shigowa ita ce a kan layi, ba ruwan kowa da lambarta. A da, lokacin da ake loda direbobi ɗaya bayan ɗaya, layin kan zo iri ɗaya kusan kullum. Da aka koma loda su a tare don kwamfuta ta riƙa tashi da sauri, ga kuma kayan USB da kan makara ko su riga, sai ya zama wanda ya zo na ɗaya yau yana iya zuwa na biyu gobe.

An gwada magunguna. Da farko udev, mai kula da na'urorin da aka jona, ya riƙa rubuta wani fayil mai suna 70-persistent-net.rules yana haɗa kowane kati da sunansa ta adireshin MAC, lambar da kati ke fitowa da ita daga masana'anta. Kamfanin Dell ya fito da biosdevname, mai ba da sunaye irin em1 da p1p1, wanda Fedora 15, ɗaya daga ire-iren Linux, ta ɗauka a 2011. Sai a watan Janairun 2013 fitowa ta 197 ta systemd, manhajar da ke tayar da sassan Linux, ta zo da tsarin da yawancinmu ke gani yau: eno1, ens33, enp2s0, wlp3s0. RHEL 7 da CentOS 7 sun zo da shi a 2014, Ubuntu 16.04 a 2016, Debian 9 kuma a 2017 ga wanda ya ɗora sabo.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Kuɗi tukuna, don shi ake fara tambaya. Babu hanyar da ake saye a cikinsu, duk suna cikin tsarin. Kuɗin yana fitowa ne daga baya: kuɗin mota zuwa Bajoga ko Dukku, yinin da ma'aikata suka zauna suna kallon juna, da kimarka a idon wanda ya ba ka amanar injinsa.

Na biyu ɗorewa, kuma ita ba abu guda ba ce. Akwai ɗorewa idan an ɗauke wuta inji ya mutu ya sake tashi, abin da a wajenmu kan faru sau da yawa a yini idan batirin inbata ya gaji. Akwai ɗorewa idan an buɗe inji an ƙara wani abu. Akwai idan tsawa ta ƙona kati an sa wani. Akwai idan an sabunta tsarin, da kuma idan an kwafe shi zuwa wata kwamfutar.

Na uku sauƙi: wahalar saitawa, da kuma ko yaron da ka aika zai gane sunan idan kana karanta masa ta waya.

Na huɗu, wanda na fi ba nauyi, shi ne yadda hanyar ke lalacewa. Wata idan ta lalace komai tsayawa yake cak, a kira ka nan take. Wata kuwa shiru take yi, abubuwa na tafiya a karkace ba wanda ya sani. Ta farko tana da ban haushi. Ta biyu ita ce ke ba ni tsoro.

Komawa eth0

Wannan ita ce hanyar da zuciya ke fara rayawa. Ka buɗe /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB mai tayar da Linux, ka ƙara `net.ifnames=0` a layin GRUB_CMDLINE_LINUX, ka gudanar da `update-grub` a Debian ko Ubuntu, ko `grubby --update-kernel=ALL --args=net.ifnames=0` a dangin Red Hat, ka sake kunnawa. A injin Dell da aka ɗora wa biosdevname sai ka haɗa da `biosdevname=0`. Shi ke nan, eth0 ya dawo.

Idan ramin soka wayar sadarwa ɗaya ne tak a injin, ba ni da abin sukarta. Mota ɗaya a tasha ko yaushe ita ce a kan layi. Ƙara NVMe, ƙara katin hoto, cire katin sadarwar ka sa wani, kwafe faifan zuwa wata kwamfutar daban, sunan yana nan eth0. Tsofaffin rubutattun umarni da ka tsinta a intanet ma duk za su yi aiki ba gyara. Raspberry Pi OS a haka take zuwa, sai wanda ya so ya kunna sabon tsarin ta raspi-config.

Da zarar ramuka sun zama biyu, magana ta canza. A ce injin shi ne mai tsaron ƙofa: eth0 yana kallon waje wajen mai ba ku intanet, eth1 yana kallon cikin ofis. An ɗauke wuta da azahar, janareta ya tashi, inji ya dawo, sunaye sun yi musaya. Dokokin katangar tsaro, wato firewall, da suka ce a amince da duk abin da ya fito daga eth1 yanzu suna amincewa da waje. Manhajar da ke raba adireshi ga kwamfutocin ofis ta juya tana rabawa a ɓangaren da ba nata ba. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, don duka sunayen biyu suna nan, masu su ne suka sauya. Yana iya yin wata shida bai faru ba, musamman idan ramukan na kati ɗaya ne mai direba ɗaya. Idan kuwa ɗaya Intel ne ɗaya Realtek, ko akwai na USB a ciki, to kana kan siraɗi.

Barin sunayen da tsarin ya zo da su

Sunayen nan da ke kama da lambar injin babur suna da ma'ana. Haruffa biyun farko nau'i ne: en na waya, wl na iska, ww na layin salula. Abin da ya biyo baya shi ke faɗin inda aka samo sunan. Harafin o, kamar a eno1, na nufin ramin da ke jikin madabod ne, wato babban allon injin, kuma BIOS, manhajar da ke cikin allon, ce ta ba da lambarsa. Harafin s, kamar a ens33, lambar gurbi ce. Harafin p, kamar a enp2s0, matsayi ne a layin PCI, hanyar da ke haɗa katuna da madabod: layi na 2, na'ura ta 0. Harafin x kuma adireshin MAC ne gaba ɗaya aka manna. Tsarin yana fara neman na BIOS, in babu ya nemi na gurbi, in babu ya faɗa kan na layin PCI.

Ƙarfinta shi ne ba ka yi komai ba, kuma ɗauke wuta ba ya girgiza ta. A kashe a kunna sau ɗari, enp2s0 yana nan enp2s0, ramuka biyu ba za su yi musaya ba. Idan tsawa ta cinye kati ka sa wani a gurbin da ka cire shi, galibi sabon zai gaji sunan tsohon, komai ya tashi kamar ba a yi ba. Wannan ba ƙaramar riba ba ce a garin da wayar sadarwa ke bi ta saman kwano daga wannan gini zuwa wancan.

Rauninta shi ne abin da ya same ni. Lambobin layin PCI ba a jikin ƙarfe aka buga su ba, BIOS ce ke ƙirga su duk lokacin da inji ya tashi. A wasu injinan, gurbin da babu komai a cikinsa ba a ƙirga shi. Ranar da ka cusa masa NVMe ko katin hoto sai ya shiga lissafi, duk na bayansa su matsa gaba da ɗaya. Masu Proxmox, tsarin da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin inji ɗaya, sun fi kowa sanin wannan ciwo, saboda gadar vmbr0 da ke haɗa su da waje tana riƙe da sunan katin a /etc/network/interfaces, kuma idan sunan ya ɓace shafin da ake shiga a gyara ma ba ya buɗuwa.

Ba duk inji ne ke da wannan lalurar ba, kuma ana iya ganewa tun kafin a taɓa sukurudireba. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika shagunanmu, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo masu katin Intel a jikin madabod, sau da yawa za ka ga eno1 ko enp0s31f6. Wannan yana zaune a layi na 0, ƙarin kaya ba ya ture shi. Wanda za ka sa wa ido shi ne mai lamba sama da sifili bayan p, irin enp2s0 ko enp3s0, kamar yadda katunan Realtek da duk katin da aka soka a gurbi kan fito. Wani abin lura: `lspci` yana nuna lambobin da ƙirgen sha shida, sunan kuma da ƙirgen goma, shi ya sa 1f na `lspci` ya zama 31 a enp0s31f6.

Akwai kuma sabuntawa. Dokokin raɗin sunan kansu sun sha gyara daga wannan fitowar systemd zuwa waccan, sabuwar kanel ma kan fallasa bayanin da tsohuwa ba ta gani, sai suna ya sauya ba ka taɓa inji ba. Wanda ya yi zamani da CentOS 7 a kan VMware zai tuna eno16777736, sunan da ya fito saboda wata lambar banza da aka karɓa a matsayin ta BIOS, daga baya aka gyara. Tun daga systemd 240 ana iya ƙulle dokokin a kan fitowa guda da `net.naming-scheme=` a layin GRUB. Yana rage haɗarin sabuntawa, amma ba ya hana layin PCI matsawa.

Lalacewarta dai mai kururuwa ce. Suna ya ɓace, sadarwa ta tsaya, an kira ka. Sai dai a duba katangar tsaro, don a nan akwai ɗan shiru. Dokar iptables, manhajar katanga, da ke kiran sunan da babu shi ba ta ƙorafi, wucewa kawai ake yi ta gefenta. A nftables, magajiyarta, kuma `iifname` haka yake yi, amma `iif` idan bai sami katin ba dukkan fayil ɗin dokokin ne zai ƙi loduwa.

Wajen sauƙin faɗa kuwa, gwada karanta wa mutum enp0s20f0u1 ta waya alhali layi na yankewa.

Raɗa naka sunan, ka ɗaure shi da adireshin MAC

Kowane katin sadarwa yana fitowa daga masana'anta da lamba mai gurabe 12, ita ce adireshin MAC. Ita ce lambar motar, duk inda aka faka ta ba ta canzawa. Abin da ake yi shi ne a gaya wa udev cewa mai wannan lambar sunansa kaza. Fayil ne ɗan ƙarami, a ce /etc/systemd/network/10-wan.link:

```
[Match]
MACAddress=00:11:22:33:44:55
Type=ether

[Link]
Name=wan0
```

Lambar da ke sama misali ce, taka za ka gani da `ip link` ko `ethtool -P`. Kowane rami da fayil ɗinsa. Wannan yana aiki ko da ba systemd-networkd ke tafiyar da sadarwarka ba, domin udev ne ke karanta shi. A Ubuntu, wadda ta koma Netplan tun 17.10, ana samun abu ɗaya ta hanyar rubuta `match` da `macaddress` da `set-name` a fayil ɗin /etc/netplan.

Akwai tarko huɗu da mutane ke faɗawa. Na farko lambar da ke gaban sunan fayil: ana bin su ne a jere, wanda ya fara dacewa shi ke ci, don haka naka ya riga 99-default.link, kuma 10 ta wadatar. Na biyu, kada ka raɗa eth0 ko eth1. Waɗannan sunayen kanel ce ke rabawa, idan ka nemi eth0 alhali ta riga ta ba wani, raɗin zai faɗi. Wannan cin karon shi ne ya kashe tsohon 70-persistent-net.rules, har akan wayi gari da kati mai suna rename3. Zaɓi lan0, wan0, ko abin da ya yi maka, muddin bai wuce harafi 15 ba, don iyakar da kanel ta sa ke nan. A Proxmox an fi so sunan ya fara da en, kamar enwan0, don shafinta ya gane cewa katin gaske ne. Na uku, layin `Type=ether` ba ado ba ne: gada da VLAN kan ari adireshin katin da suke kai, in babu layin sai a nemi raɗa musu sunan su ma. Na huɗu, bayan ka rubuta fayil ɗin ka gudanar da `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, ko `dracut -f` a dangin Red Hat, saboda sau da yawa ana raɗin sunan tun a farkon tashi, kafin a kai ga babban faifai.

Sai aikin da ya fi cin lokaci, wato farautar tsohon suna a duk inda ya ɓuya. `grep -r enp2s0 /etc` zai tono maka su: saitin sadarwa, dokokin katanga, dnsmasq ko isc-dhcp-server, wani lokaci har Samba. Ka gyara su duka kafin ka sake kunnawa, kuma ka yi shi kana zaune gaban injin da sikirin da kibod. Na taɓa ganin wanda ya yi daga gida cikin dare ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa. Da asuba yana bakin ƙofar ofis yana jiran maigadi.

Ribar kuwa babba ce. Ɗauke wuta, ƙarin NVMe, mayar da kati wani gurbin, sabunta systemd, babu wanda ke taɓa sunan. Dokar katanga da ke cewa wan0 da lan0 kowa ya karanta ya san inda ta dosa, ko bayan shekara biyu, ko wanda ya gaje ka. Yaron shagona da ba ya riƙe enp3s0 ko na minti ɗaya, da na ce masa lan0 ya san wayar da ke zuwa suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutocin ciki, nake nufi.

Inda take faɗuwa wuri ɗaya ne sananne: ranar da aka sauya katin, ko madabod in ramin a jikinta yake. Sabon kati sabuwar lamba, fayil bai san shi ba, sai ya fito da sunan tsarin irin enp2s0, wan0 kuma babu shi. Sadarwa za ta tsaya, amma ba za ta juya ta buɗe ƙofa ga waje ba. Kuma ranar sauya kati dama akwai mutum tsaye a gaban injin, gyaran layi ɗaya ne. Haka nan idan ka kwafe faifan zuwa wani inji, dole ka gyara lambobin.

A yi hattara da kayan USB. Wasu adaftocin masu arha da ake sayarwa a kwali ba suna sukan zo da adireshi iri ɗaya, ka sayi biyu ka tarar tagwaye ne. Wasu wayoyin Android kuma, idan ka jona su da kebul don ba kwamfuta intanet, sabon adireshi suke ƙirƙirowa a kowane haɗi. Irin waɗannan ba a ɗaure su da MAC. Debian da Ubuntu da kansu suna ba adaftar USB mai adireshin masana'anta suna irin enx da lambobi 12 a bayansa, harafi 15 cif. Ba ya canzawa ko ka sauya ramin USB, amma ba mai iya haddace shi.

Raɗa naka, ka ɗaure shi da gurbi

Fayil ɗin dai shi ne, sai dai a maimakon MACAddress ka sa `Path=pci-0000:02:00.0`, wanda za ka samo daga `udevadm info /sys/class/net/enp2s0` a layin ID_PATH. Ka sami suna mai daɗin faɗa, kuma sauya kati a gurbi ɗaya ba ya ɓata shi. Amma ka gaji ciwon layin PCI dungurungum: ƙara NVMe, lambar ta matsa, an gudu ba a tsira ba. Inda take da amfani na gaske wuri biyu ne: injina masu yawa iri ɗaya sak da ake ɗora wa kwafi ɗaya, da kuma wayar nan ko adaftar da adireshinta ba abin yarda ba ne, inda za ka ce duk abin da aka soka a wannan ramin USB sunansa kaza.

Tsohon 70-persistent-net.rules da biosdevname ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Idan ka gaji inji da ke tafiya da su, ka shirya ƙaura kafin babban sabuntawa na gaba. Debian ta sanar tun fitowa ta 10 cewa ba ta tsaya wa tsohon fayil ɗin ba. Sabon inji kuwa ba a fara shi da su.

Wani abu da ke rage zafin zaɓin: tun Linux 5.5, a farkon 2020, kati ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi bayan sunansa na yanka. In ka ga layin altname a ƙarƙashin `ip link`, shi ne. Ana ƙarawa da `AlternativeName=` a fayil ɗin nan, kuma laƙabin yana iya wuce harafi 15 nesa ba kusa ba. Yana taimakawa lokacin ƙaura, tsohon suna ya zauna a matsayin laƙabi. Sai dai ba kowace manhaja ke amsa laƙabi ba, don haka ban dogara da shi a katangar tsaro ba sai na gwada.

A taƙaice a tebur

| Hanya | An ɗaure da | Wuta ta ɗauke ta dawo | An ƙara NVMe ko katin hoto | An sauya katin a gurbinsa | An kwafe zuwa wani inji | Wahalar saiti |
|---|---|---|---|---|---|---|
| eth0 | Wanda ya riga zuwa | Rami ɗaya lafiya, biyu na iya musaya | Ba ya motsi | Lafiya in shi kaɗai ne | Lafiya in rami ɗaya ne | Layi ɗaya |
| Sunan tsarin | BIOS, gurbi ko layin PCI | Lafiya | eno lafiya, enp na iya matsawa | Galibi lafiya | Sai in inji iri ɗaya ne | Babu |
| Naka da MAC | Lambar katin | Lafiya | Lafiya | Sai an gyara fayil | Sai an gyara fayil | Fayil ga kowane rami |
| Naka da gurbi | Layin PCI ko ramin USB | Lafiya | Na iya faɗuwa | Lafiya | Sai in inji iri ɗaya ne | Fayil ga kowane rami |

Wa ya dace da wace

Mai laftof ko kwamfutar tebur da yake aikinsa shi kaɗai, ka bar abin yadda ka same shi. NetworkManager ke kula da haɗinka, kuma galibi ba ruwansa da ko sunan wlp3s0 ne ko wlan0. Duk minti da ka kashe a nan asara ce.

Mai VM, wato kwamfutar da ke zaune cikin wata kwamfutar, shi ma yawanci ba ya bukatar komai. Sunayen sun zama sanannu: enp0s3 a VirtualBox, ens33 ko ens160 ko ens192 a VMware, ens18 a Proxmox. Matsala tana zuwa ne idan kana ɗaukar kwafi ɗaya kana yawo da shi tsakanin waɗannan, ko kana haifar da sababbi daga uwa ɗaya. A nan ɗaurin MAC shi ne mafi muni, domin kowane kwafi sabon adireshi ake ba shi. Idan kati ɗaya ne, `net.ifnames=0` ya fi komai kwanciyar hankali.

Ɗakin kwamfuta na makaranta mai injina talatin da aka kwafe da Clonezilla, kowanne rami ɗaya: idan duk samfuri ɗaya ne sunan tsarin ya isa. Idan kuwa tsintar kasuwa ce, wannan Dell wancan HP, eth0 zai hutar da kai daga bin su ɗaya bayan ɗaya.

Saba mai rami ɗaya a ofis, wadda ke ajiye fayiloli ko tafiyar da manhajar kuɗin makaranta: duba sunan. In eno1 ne ko enp0s31f6, ƙyale shi. In enp2s0 ne ko makamancinsa kuma ka san wata rana za a ƙara mata faifai, ko dai ka koma eth0 ko ka ɗaure da MAC. Ni na fi son na biyun, saboda rami ɗaya na yau shi ne biyu na baɗi, ranar da shugaban wurin ya ce a jono layin intanet na biyu.

Injin da ke tsakanin waje da ciki, mai ramuka biyu ko fiye, da duk wani Proxmox: ɗaurin MAC da sunan da ka raɗa, ba na ma tsayawa shawara. Wanda wannan aikin ya yi wa yawa, gara ya sayi ƙaramin akwatin raba intanet na MikroTik, inda ether1 ke rubuce a jikin akwati, ya bar Linux ta yi aikin saba kawai.

Sai injin da ke nesa, wanda zuwa wurinsa yini ne, a Dukku ko Bajoga ko can Kaltungo. Shi ma MAC, amma da ƙari. `ethtool -p` da sunan katin yana sa fitilar ramin ta riƙa ƙiftawa a katunan da suka iya, da haka nake tabbatar da wane rami ne wane. Sai in yanki farin salatif in manna a saman kowanne, in rubuta wan0 da lan0 da maka. A cikin murfin injin kuma ina liƙa takarda mai ɗauke da adireshin kowane kati, da sunan fayil ɗin da za a gyara in an sauya shi, da umarnin `update-initramfs -u` a ƙasa. Kafin in bar wurin ina kashe injin gaba ɗaya in kunna sau biyu, in sa wani ya buɗe shafi a kwamfutar da ta fi nisa da sabar, sannan in ɗauki jaka.